Geron Mma a Bayan Gida a Barking

Wanda duk ya shiga jirgin District line daga Barking a ƙarshen shekarun 1980, in ya leƙa taga yayin da ake wuce bayan gidajen nan masu manne da juna, zai ga shanya, zai ga kekunan yara, zai ga 'yan furanni a tukwane. A bayan gida ɗaya kuwa sai ya ga wata mata gajera kakkaura, da ɗankwali da takalmin roba, ta riƙe ƙugu tana hararar sama kamar saman ta yi mata rashin kunya. To, wannan ita ce Ajara.

Ajara 'yar zangon Kumasi ce. A can aka haife ta, a can ta koyi suyar ƙosai, a can kuma ta koyi faɗa, kuma duk biyun ta ƙware. Uwarta kuwa, wadda suke kira Mma, 'yar arewacin Ghana ce, daga wani ƙauye kusa da Bawku, da tsufa ya zo sai ta koma can wurin babbar 'yarta Safura. A 1981 mijin Ajara, Zuberu, ya samu aikin duba tikiti a tashar jirgi a London, ya aiko ta biyo shi. Da ta je ƙauye sallama, tsohuwar ba ta da gwal ba ta da atamfar da za ta ba ta. Sai ta sa aka ciro mata zangarniyar gero 'yan kaɗan daga cikin na iri, ta naɗe a tsumma. Gero ne mai saurin nuna, ƙwayarsa ƙanana masu ɗan duhu, tun kakanni gidansu ke shuka shi, shi ke fara fitar da su daga yunwa kafin dawa ta iso. Ta ce, "Ki tafi da shi, ki riƙa gani kina tuna gida." Shekara na zagayowa tsohuwar ta rasu.

Ajara ta rataye geron a bangon kicin. Ta samu aikin dafa wa 'yan firamare abincin rana, ran Asabar kuma ta hau bas zuwa Deptford ta sayar da koko da ƙosai a shagon wata ƙawarta. Mutanen Ghana da na Najeriya sukan yi layi tun da safe, ita kuma tana zuba musu tana yi musu tsiya, wannan ya rame, wancan ya yi tumbi, wancan har yanzu bai yi aure ba. Ba wanda ke fushi, don kokon nata ya isa a jure masa baƙar magana.

Da council, hukumar unguwar, ta ba su gida mai ɗan fili a baya, a farkon 1985, sai wani abu ya motsa a ran Ajara. Wata rana a watan Maris aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe ta fita ta tona ƙasa da hannu, ta ji laima ta wuce tafin hannunta. A ƙauyen uwarta, wanda ya ga irin wannan ruwan bai yi shuka ba, sai a ce malalaci ne. Ta ciro zangarniya ɗaya ta murje, ta fara sara tana zubawa tana rufewa da dunduniya.

Zuberu ya leƙo daga ƙofa cikin kwat da hular sanyi. Ya ce, "Ajara, numfashinki fa hayaƙi yake yi."

Ta ce, "Ruwan shuka ya sauka kai kana maganar hayaƙi. Ɗan birni kawai! Je ka duba tikitinka."

Ta jira, ta jira. Ko tsinke bai leƙo ba. Da ta tona sai ta tarar ƙwayoyin sun ruɓe, sun yi laushi kamar an jiƙa su don koko. Shekara mai zuwa ta ƙara haƙuri har itatuwa suka yi ganye, geron ya tsiro sharr, ta kira Zuberu ya zo ya gani ya ji kunya. Kafin mako ya cika waɗansu halittu masu yauƙi, irin katantanwa marar gida, suka bi layi suka lashe shi tas. Sai Zuberu ya yini yana waƙa a banɗaki, wannan kuwa ya fi magana ciwo.

A 1987 suka sa 'yar haya a ɗakin sama, wata ɗaliba daga Zariya mai suna Karimatu, siririya mai tabarau, mai jin sanyi ko a cikin bargo. Ran farko Ajara ta zuba mata tuwo ta tambaye ta me take karantawa.

Karimatu ta ce, "Tarihi ne, Mma. Ina binciken yadda sauyin yanayi ya riƙa shafar girbin hatsi, shekaru ɗari uku zuwa ɗari huɗu da suka wuce."

Ajara ta ajiye ludayi. "Wato kin baro Zariya, kin hau jirgin sama, don ki ji labarin hatsin da aka cinye tun kafin a haifi kakan kakanki? Kai, Najeriya akwai hutu!"

Karimatu ta yi dariya har ta ƙware. Amma Ajara mace ce mai son labari, kullum da yamma in tana yankan albasa sai ta ce, "To Malama, yau me matattun naki suka girbe?" Karimatu kuwa ta samu wadda za ta saurare ta, sai ta saki baki.

Ta ba ta labarin wani zamani mai tsawo da duniya ta yi sanyi fiye da yanzu, har kogin Thames yakan daskare a kafa kasuwa a kansa, a gasa nama a kan ƙanƙara. Ajara ta ce ƙarya ne, Karimatu ta rantse. Ta ce a wajen shekarun 1590 an jera damina a kan damina ana ruwa da sanyi a lokacin da alkama ke son rana, ta ruɓe a tsaye, talakawa suka koma cin wake da ɗanyen ganye. Bayan shekara ɗari kuma aka sake yin irin wannan a Scotland, har ƙanƙara ta riƙa tarar da hatsi a gona bai nuna ba. Ta ce a ƙasashenmu ma a waɗancan ƙarnukan an yi jerin shekarun wahala, daga Tumbutu har Barno, sai dai namu fari ne.

Ta ce, "Abin da zai ba ki mamaki, Mma, manomin nan ba fari ya fi tsoro ba. Ruwa ya fi tsoro. Har coci suke taruwa su roƙi Allah ruwa ya ɗauke."

Ajara ta tsaya da wuƙa a hannu. "Su roƙa ya ɗauke? Ruwa? Subhanallahi!"

"Wallahi. Mu a gida ruwa muke jira mu yi shuka. Su nan zafi suke jira."

Ajara ta dubi taga. Can ta ce, "To me ya hana ki zuwa tun shekara biyu da suka wuce?" Ta ƙara mata nama a miya, wannan ita ce godiyarta.

A shekarar sai da Yuni ta kama sannan ta yi shuka, ta zagaye wurin da toka da ɓawon ƙwai saboda masu yauƙin nan. Geron ya tashi ya wuce katanga, har maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko rake ne. Ya fitar da kai. Amma rana ta yi rowa, sanyi ya dawo da wuri, zangarniyar ta tsaya fayau ba ƙwaya. A watan Oktoba kuma wata guguwa da ta tumɓuke itatuwan London ta kwantar da geron da katangar gaba ɗaya. Ajara ta yi dariya ta ce ko ba komai ta ga karan gero a Ingila. A lokacin abin wasa ne a wurinta, da ɗan rage kewa. Zangarniya ɗaya ta rage a bango.

Ba a daɗe ba wani ya dawo daga Ghana ya kawo mata kaset, don Safura ba ta rubutu, magana take yi a ɗauka. Suka zauna a kicin su uku aka kunna. Bayan gaisuwa da lissafin wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai muryar Safura ta sauya. Ta ce tun yunwar 1983, lokacin da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, geron Mma ya ƙare. Sun riƙe irin iya riƙewa, da yara suka fara kukan da ba ya fita sai suka daka shi. Ta zaga ƙauyuka tana nema, kowa ya cinye nasa, yanzu wani iri ake shukawa da aka kawo a buhu, yana yi, amma ba shi ba ne. Ta ce, "Sai kwanan nan na tuna Mma ta ba ki. Ajara, in yana nan, don Allah ki aiko. In babu, to shi ke nan, gidanmu ya rabu da shi."

Ajara ta ɗaga kai ta dubi bango. Shekara uku tana zubar da abin da ya rage wa gidansu a duniya, tana ciyar da katantanwa da shi, tana dariya. Ta fashe da kuka, Zuberu da ya saba tsokana ya kashe kaset ɗin ya rasa inda zai sa hannunsa.

Da ta murje zangarniyar, abin da ya fito bai cika cokalin miya biyu ba. Ta ce gobe za ta nemi mai tafiya ta aika duka.

Karimatu ta ce, "Mma, kada ki aika duka. Manoman da nake karantawa, waɗanda suka tsira ba sa zuba komai wuri ɗaya. Sukan haɗa alkama da wani hatsi mai jure sanyi a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Sukan shuka tudu su shuka kwari. Ki raba biyu."

Ajara ta ce, "Mu ma ai haka muke haɗa gero da dawa." Ta raba, ta ƙulle rabi a leda, ta naɗe a ƙyalle.

Mai tafiyar shi ne Gariba, wani tela a Old Kent Road, mutumin kirki, amma kansa kamar kwando. Ajara ta ja masa kunne har sau ba adadi, ya ce ko ransa ne iyaka. Ya sauka Accra, ya kwanta baccin gajiya, matarsa ta buɗe akwati tana rabon tsaraba. Ta ga turare, ta ga sabulu, ta ga wani ƙulli a ƙasa. Ta kwance ta ga gero, ta ce lallai London ta lalace, gero ake aikowa Ghana, kuma ɗan wannan? Ta watsa wa kajinta.

Ran da Gariba ya dawo ya zo Deptford ba da haƙuri, ya tsaya daga bakin ƙofar shago, ƙafa ɗaya a waje. Abin da Ajara ta faɗa masa ba zai maimaitu ba. Mutanen da ke layi sun ce har Turawan da ke wucewa sun tsaya, ba su jin Hausa amma sun gane. Ƙarshe dai ta zuba masa koko, ta ce ya sha ya ɓace mata da gani, kuma kajin nan in an yanka kada ya kuskura ya ci.

Saura cokali ɗaya ke nan a duniya, irin kuma yana tsufa. Ajara ta ce ba za ta sake ba wa wani ɗan Adam ba, ita kuwa ba ta da halin tafiya a lokacin. A 1988 ta ɗauko ƙullin ta ajiye, ta ɗauko ta ajiye, zuciyarta ta ƙi. Ta tambayi Karimatu ko littattafanta sun faɗi yadda bana za ta kasance.

Karimatu ta ce, "Ba su faɗa ba, Mma, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na gani kawai, munanan shekaru sukan zo a jere, sannan su yanke. Wanda ya rage da iri a hannu ranar da suka yanke, shi ke tashi. Amma yaushe, Allah kaɗai ya sani."

Ajara ta ce, "Karatun banza, ana tambayarki gobe kina ba da labarin jiya." Amma ba ta shuka ba. Yuli ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, Ajara na kallo ta taga tana hamdala.

Da bazarar 1989 ta zo, ta ga in ta ƙara jira irin zai mutu a ƙulle, wannan kuwa ya fi ruɓewa a ƙasa zafi. Ta tattaro kofunan yogot daga kicin ɗin makaranta, ta huda ƙasansu, ta cika da ƙasa, ta jera a kan tagogin gidan duka, har ta ɗakin Karimatu. Ta yi bisimilla ta sa ƙwaya bibbiyu. Ta ce da uwarta za ta ga ana shuka gero a kofi kamar tumatir, da ta ce an yi wa 'yarta asiri. Zuberu kuwa, ba wanda ya roƙe shi, ya riƙa dawowa daga aiki da tsofaffin tagogin da aka zubar, ya jingina su a jikin bangon da ya fi samun rana, ya yi wa geron ɗaki. In an tambaye shi sai ya ce yana gyara shara ne.

Yawancin kofunan shiru. Kaɗan suka tsiro, sirara kamar allura. Ajara takan gaishe su da safe kafin ta gaida mijinta, shi kuwa ya ce ya lura.

Sai Allah ya kawo rana. Tun daga Mayu sama ta washe ta ƙi rufewa. Ciyawar filayen wasa ta ƙone ta yi ja, aka hana ban ruwa da tiyo a wurare da yawa, Turawa suka yi jajir suna fifita da jarida a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Zuberu yakan dawo riga jiƙe yana cewa ko Kumasi ba ta kai haka ba. Maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya mai furanni, ta leƙo ta katanga tana kukan rashin ruwa, Ajara ta taya ta jimami da fuska, ta shiga kicin ta taka rawa. Ruwan wanke shinkafa da na alwala duk a gindin gero suke ƙarewa.

Wani abu ɗaya ya dame ta. Wata rana bayan sallar la'asar ta ce wa Zuberu, "Maigida, ni fa 'yar manoma ce. Yau na tsinci bakina yana roƙon kada a yi ruwa. Ba laifi kuwa?"

Zuberu ya yi gyaran murya irin ta malamai. Ya ce, "Ki riƙa faɗin unguwa. Ki ce Barking kawai. Kada ki je ki jawo wa Bawku."

Ta jefe shi da carbi, amma daga ranar tana faɗin unguwar.

Geron ya yi kai a watan Agusta, ya yi bununi, ƙwaya ta fara kamawa. Sai tsuntsaye suka ji labari. Gwarare da tantabarun London, waɗanda tun da aka halicce su ba su taɓa ganin gero a tsaye ba, suka gane shi nan take kamar sun yi karatunsa. Ajara ta yanka tsohon mayafinta ta ɗaure wa kowace zangarniya, da bai isa ba ta shiga akwatin Zuberu ta kwashe safa. Karimatu ta dawo da karatunta bayan gida, tana rubutu tana kaɗa gwangwani. Fasinjojin jirgi suka riƙa ganin kara sanye da safa, da wata mai tabarau tana yi wa tantabaru ihu da Hausa.

A ƙarshen Satumba Ajara ta kwance safa ɗaya, ta murza gefen zangarniyar a tafin hannu, ta hure. Ƙwayoyi suka zauna a hannunta, ƙanana, masu tauri, masu ɗan duhu. Ta buɗe baki za ta yi guɗa, muryar ta ƙi fita. Karimatu ce ta yi guɗar, 'yar boko da ita, har karen maƙwabta ya amsa.

Abin da aka girbe duka bai fi a rungume da hannu ɗaya ba. Zuberu ya ce ko ɗan kunu a dama a ɗanɗana, ta dube shi, ya ce wasa yake yi. Ta bar kaɗan a gida, ta ba Karimatu zangarniya ɗaya ta kai Zariya, sauran ta naɗe. Zuberu ya karɓi aikin ƙarin lokaci duk hunturun nan, da bazara ya saya mata tikitin jirgin sama, ta tafi da kanta, ƙullin a jikinta tun daga Barking har motar Bawku.

Ta isa ƙauyen ana gab da ruwan shuka. Safura ta tsufa fiye da yadda ta zata, idonta ya yi hazo. Ajara ta zo da jawabi a shirye, tun a jirgi take tsara shi, yadda ta yi kokawa da sanyin Ingila da katantanwa da guguwa da tantabaru da Gariba. Bayan an sha ruwa ta kwance ƙullin ta sa wa yayarta zangarniya a hannu.

Safura ta shafa ta daga gindi har kai. Ta ce, "Ya yi gajere." Ta ɓantaro ƙwaya ɗaya ta sa a baki ta tauna a hankali. Sai bakinta ya tsaya. Ta ce, "Na Mma ne." Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta ja zani ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Ajara ta nemi jawabinta ta rasa ko kalma ɗaya. Ta sauko ta zauna kusa da ita a ƙasa, suka yi kukan uwarsu tare, wanda ba su samu yi tare ba ranar da ta rasu.